Ƙayar da ta rufe bakin Tafkin Chadi: yadda take cin ciyawa da itatuwanmu na gado

"Malam, barka da aiki. Ni manomi ne, ina kuma ɗan taɓa kiwo, a wani ƙauye tsakanin Makari da Blangwa. Akwai wata ƙaya da ta cika mana wuri, koriya shar rani da damina. Tun muna yara muke ganinta jefi-jefi, amma yanzu ta toshe burtali, ta shigo har gonakin bakin tafki. Ma'aikatan gandun daji sun ce baƙuwa ce, wai tana kashe daji. Abin da ban gane ba, ai itace ce, tana ba da inuwa da itacen girki, awaki kuma na cin 'ya'yanta. Ta yaya itace zai kashe daji? Darbejiya ma ai baƙuwa ce, me ya sa ba a zarginta? In kuwa da gaske cutarwa take yi, akwai hanyar da za mu rabu da ita?"

Barka kadai, ɗan'uwa, Allah ya albarkaci noma da kiwo. Tambayoyi uku ka haɗa wuri guda: yadda bishiya ke kashe daji, abin da ya raba baƙon da ke zaman lafiya da baƙon da ke ƙwace gida, sai kuma maganar magani. Na daɗe ina aikin gandun daji a wannan ɓangare na arewacin Kamaru, kuma ba zan ɓoye maka ba, ina cikin waɗanda suka reni wannan ƙaya a leda suka raba wa mutane a shekarun da aka yi fari. Da kyakkyawar niyya muka yi, don rairayi na binne gonaki kuma babu abin da ke kamawa sai ita. Abin da ya biyo baya shi ne zan faɗa maka yadda na gan shi.

Inda ta fito da yadda ta samu wuri

Sunanta a littattafan kimiyya Prosopis juliflora, mu ma'aikata muna ce mata furosofis, Hausawan Nijar kuma wasu na kiranta mugun kawa. Asalinta nahiyar Amurka ne, daga Meziko zuwa arewacin Amurka ta Kudu. Ta shigo Sudan tun 1917, amma yaɗuwarta a yankinmu ta biyo bayan farin 1973 da na 1984, lokacin da gwamnatoci da ƙungiyoyin agaji ke neman bishiyar da za ta tsayar da hamada.

Sai ka haɗa wannan da abin da ya samu tafkin kansa. A 1963 faɗin Tafkin Chadi ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. A 1973 ya rabu gida biyu, na arewa da na kudu, a shekarun 1980 kuma ruwan da ya rage bai fi kashi ɗaya cikin goma na da ba. Ruwa ya janye ya bar ƙasa mai taushi, mai albarka, ga danshi kusa a ƙarƙashi, ba kuma wata bishiya da ta riga ta kafu a kanta. A ɓangaren Nijar, wajen Gigmi, an dasa furosofis a 1977 a fili da bai wuce hekta 10 ba don a kafe tudun rairayi. Kafin a cika shekara talatin an ƙiyasta ta rufe fiye da hekta 300,000 na tsohon gadon tafki. Ba mutane ne suka dasa wannan duka ba. Dabbobi ne.

'Ya'yanta na da zaƙi, shanu da awaki da raƙuma da jakuna na son su. Ƙwayar da ke ciki kuwa tana da ɓawo mai tauri, ba ta narkewa a ciki. Dabba ta ci a nan, ta yi tafiyar yini biyu, ta kasayar da ita a can, ɓawon ya ɗan yi laushi, ga taki kewaye da ita. Shi ya sa in ka lura, inda ta fara bayyana a ƙauyenku shi ne burtali da mashaya da makwancin shanu. Ƙwayar da ba ta tsira bana ba tana iya kwanciya a ƙasa shekaru tana jiran ruwa.

Yadda itace ke kashe daji

A nan ne nake so ka tsaya da ni, domin idon mutum na yaudararsa. Daga nesa ka hango kore, ka ce daji ya farfaɗo. Amma ka ɗauki adda ka kutsa cikin kurmin furosofis da ya shekara goma, ka sunkuya ka dubi ƙasa. Na yi haka sau da yawa, ina auna taku goma tsawo, taku goma faɗi, ina ƙirga iri-irin tsiron da ke ciki. A fili na kusa da ƙayar ba ta kai ba, bayan damina, sai in gaji da ƙirga: ƙarangiya, harkiya, burburwa, kyasuwa, yaɗiya, tafasa, ga 'yan ƙananan aduwa da magarya da bagaruwa suna tasowa. A cikin kurmin kuwa, ƙasa ce tsirara, sai busasshen ganye da ƙaya da 'ya'yan ita furosofis ɗin. Daji taron jama'a ne, ciyawa da ganyaye da itatuwa manya da ƙanana, kowa da lokacinsa da aikinsa. Wurin da iri ɗaya ya rage, ko ya fi kowane kore, dajin ya tafi.

Hanya ta farko da take bi ita ce haske. A yankinmu ba ta cika miƙewa ta zama bishiya mai gindi ɗaya ba, sai dai ta yi rassa da yawa daga ƙasa, su bazu su haɗe da na maƙwabciyarta, kuma ba ta kaɗe ganye gaba ɗaya. Ka gwada ta da gawo. Gawo na zubar da ganyensa da damina, daidai lokacin da gero da ciyawa ke bukatar rana, ya kuma yi ganye da rani lokacin da dabbobi ke bukatar inuwa da abinci. Shi ya sa hatsi ke yin kyau a gindinsa. Furosofis ba ta ba kowa wannan dama, inuwarta na nan wata goma sha biyu.

Ta biyu, ruwa. Saiwa iri biyu gare ta. Akwai uwar saiwa da ke nutsawa mita da yawa har ta taɓo ruwan ƙarƙashin ƙasa, akwai kuma waɗanda ke bazuwa a sama-sama, nesa da gindi, suna shanye ɗan ruwan sama tun bai jiƙa ƙasa sosai ba. Ciyawa da saiwarta ba ta wuce taƙi ɗaya ba ba ta da yadda za ta yi. Tun da kuma ba ta hutawa da rani, tana jan ruwa a watannin da itatuwanmu suka kaɗe ganye suka yi shiru. Manoman masakwa, wato dawar rani, da na wake da masara a bakin tafki, waɗanda amfaninsu ya dogara kacokan ga danshin da ruwa ya bari, su ne suka fi jin wannan a jikinsu. Gefen gonar da ke kusa da ƙayar shi ne ke fara yaushi.

Ta uku, ganyenta. Yana ɗauke da wasu sinadarai da ke hana irin wasu tsirrai tsirowa idan ya taru a ƙasa ya jiƙe. Su ne kuma ke sa dabbobi ba sa cin ganyen. Wannan na ƙarshe babban al'amari ne. Akuya ta shiga fili, ta tarar da ɗan gawo da ɗan aduwa da 'yar furosofis, duk tsawonsu ɗaya. Za ta cinye biyun farko ta bar ta ukun. Kowace rana haka, shekara da shekaru. Dabbobinmu da kansu suke yi mata noma, suna cire mata abokan gasa. A ƙasarta ta asali akwai ƙwari iri-iri da ke huda 'ya'yanta suna rage ta, mu kuwa mun kawo bishiyar mun baro masu cin ta a can.

Abin da ya fi damuna shi ne ɓarnar da ba a gani da wuri. Tsohuwar aduwa ko kurna ko goriba na iya tsayawa a tsakiyar kurmin shekara ashirin, mai wucewa ya ce ai ga su nan ba su mutu ba. Amma duba ƙarƙashinsu, babu 'ya'ya masu tasowa. Ranar da tsohuwar ta faɗi, ba magaji. Tare da su kuma abubuwa da yawa ke tafiya: kabar da ake saƙa tabarma da faifai, ganyen da mata ke tsinka don miya da kwaɗo, saiwoyin magani, magaryar da yara ke tsinta su kai kasuwa. Tsuntsaye da ƙwarin da rayuwarsu ta rataya ga waɗannan tsirrai su ma sukan ƙaura.

Daga nan abin ke zagayowa kan mutane. Makiyaya ta ragu, dabbobi suka taru a ɗan filin da ya saura, suka cinye shi har ƙasa, ƙasar da ta tsiraita kuma ita ce furosofis ta fi saurin kamawa. Burtali ya toshe, makiyayi ya ratsa ta gona, rigima ta tashi tsakanin mutanen da kakanninsu suka zauna lafiya. 'Ya'yan da ka ce awaki na ci, gaskiya abinci ne mai kyau in an haɗa da wani abu. Amma dabbar da ta yi watanni ba ta cin komai sai su, haƙoranta na lalacewa, shanu kuma muƙamuƙinsu kan saki, harshe ya fito, su kasa tuƙa, su rame. A Kenya, a yankin Baringo, makiyaya sun kai gwamnati kotu a 2006 kan wannan bishiya, har da akuyar da haƙoranta suka zube a matsayin shaida. Masunta ma ba su tsira ba: idan ruwa ya dawo ya rufe kurmin, bishiyoyin kan mutu a tsaye, su yaga raga, su hana jirgi wucewa. Akwai kuma binciken da aka yi a ƙauyukan Bandiagara a ƙasar Mali, aka wallafa a 2017, inda aka sare rassan da ke da fure kewaye da gidaje, sai sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro ya ragu da fiye da rabi, don ruwan furen abincinsa ne a lokacin rani.

Adalci ya sa in faɗi ɗaya gefen. Itacenta na ci da kyau, gawayinta mai ƙarfi ne, bandar kifi mai yawa a bakin tafki da shi ake yin ta. Duk gatarin da ya faɗa kanta, wata bagaruwa ko marke ce ta tsira. Ƙudan zuma na son furenta, tana kafe rairayi, tana kuma ƙara wa ƙasa ƙarfi kamar yadda wake ke yi, shi ya sa filin da aka tumɓuke ta yakan yi amfani mai kyau a shekarun farko. Talakan da ba shi da gona ba shi da garke, da ita yake ciyar da gidansa. Wanda zai yi maganar kawar da ita dole ya tuna da wannan mutum.

Maganar darbejiya

Ka yi gaskiya, baƙuwa ce, daga Indiya ta zo, kuma ita ce ta rufe titunan Marwa da Kusiri da inuwa. Masara da rogo da gyaɗa ma daga Amurka suka zo, mangwaro daga Asiya. Baƙunta ba laifi ba ce. Mafi yawan tsirran da aka kawo suna zama inda aka ajiye su, wasu ma in ba a kula da su ba sai su mutu. Kaɗan ne ke tsallake shinge su hayayyafa da kansu har su kori 'yan gida, kuma su ne muke kira masu mamaya. Ƙwayar darbejiya ba ta da tsawon rai, 'yan makonni ne ta mutu in ba ta samu danshi ba, don haka a busasshen wuri kamar naku ba ta yin nisa. Amma kar a wanke ta tas. Jemagu da tsuntsaye na ɗaukar 'ya'yanta, kuma a wuraren da suka fi ruwa, kamar bakin rafuka a kudu da ku, na ga inda ta cika ƙarƙashin manyan itatuwa ta hana nasu 'ya'yan tashi.

Akwai ma ɗan gida da ke zama mai mamaya idan an taɓa tsarin ruwa. Kacalla tsohuwar ciyawar fadama ce a ƙasashenmu. Amma bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 a Najeriya, ruwa ya daina zuwa ya tafi yadda ya saba a fadamun Haɗeja da Nguru, ya koma kwanciya duk shekara a wasu wurare, sai kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, ta kori shinkafa da bado, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan baki masu cin hatsi. Mu ma a nan mun ga irinsa ta wata fuska. Da aka gina madatsar Maga a 1979, ambaliya ta daina kaiwa wani babban ɓangare na fadamar Waza da Logon, ciyawa masu dogon rai irin su jema suka ja baya, ciyawar shekara ɗaya marar amfani sosai ta maye gurbinsu. Da aka sake buɗe wa ruwa hanya a 1994, a hankali ciyawar kiwo mai kyau ta riƙa dawowa. Abin da na koya daga waɗannan shi ne, tsiro mai mamaya yakan shiga ne ta inda ƙasa ta samu rauni: ruwa ya canja, ko kiwo ya yi yawa, ko an share fili an bar shi.

Ko za a iya rabuwa da ita

A faɗin yankin tafki gaba ɗaya, a'a. Gara in faɗa maka haka da in sa maka rai. Sudan ta ayyana yaƙi da ita a 1995, an kashe kuɗi mai yawa da manyan motoci, kuma tana nan. A yankin Afar na Habasha ta rufe fiye da hekta miliyan ɗaya. Afirka ta Kudu ta shigo da ƙwaron da ke cin ƙwayarta tun 1987, ya taimaka kaɗan, amma dabbobi na riga shi cinye 'ya'yan. Abin da ke yiwuwa shi ne ƙauye ya ƙwato gonarsa da burtalinsa da mashayarsa, ya kuma tsare inda ba ta kai ba. Wannan na ga an yi.

Kuskuren da kowa ke fara yi, ni ma na yi shi, shi ne sara a sama. Mun taɓa share wani fili da rani, muka sare ta daidai gwiwa, muka tafi muna murna. Bayan damina ɗaya kowane kututture ya fito da rassa goma ko fiye, wurin ya fi da cunkushewa. Idanun da take tohowa da su suna wuyan gindi ne, inda jiki ya haɗu da saiwa. Sai an tone kewayen gindin da diga, a sare ta aƙalla taƙi ɗaya a ƙarƙashin ƙasa, a mai da ƙasa a rufe. In gindin ya yi girma, a tara busassun rassanta a kansa bayan an tone, a cinna wuta ta ci wuyan sosai. Sakin wuta a kurmi haka kawai ba ya kashe manya, ciyawar da ta rage yake ƙonewa.

Aikin na da wuya, don haka a fara daga inda ya fi sauƙi. Mutane kan so su afka wa tsakiyar kurmi don shi ke tsone musu ido, alhali bishiya ɗaya tilo da ke tsakiyar makiyaya mai tsabta ta fi haɗari, ita ce uwar kurmin gobe. A fara da irin waɗannan, sannan a riƙa turo bakin kurmin baya. Ƙananan da suka tsira bana, bayan ruwan farko ƙasa na da laushi, yaro ma zai tuge su da hannu. Wanda ya bari suka shekara biyu, sai da diga.

Filin da aka share kuma kada a bar shi ko damina ɗaya. Ƙasar cike take da ƙwaya, kuma hasken da ka buɗe shi suke jira. A shuka wani abu nan take, a yi noma a kai a kai shekara uku ko huɗu. Duk ɗan gawo ko aduwa ko magarya da ya fito, a kewaye shi da ƙayar da aka sare, ita ce shinge mafi kyau da za ka samu kyauta, sai dai a tabbata babu 'ya'ya a jikin rassan. In makiyaya ce, a watsa irin ciyawa, a hana dabbobi shiga har ta zuba iri, wanda ba zai yiwu ba sai bulama da lawan da ardon makiyaya sun sa baki an yarda tare.

Inda ba za a iya tumɓukewa ba, a rage ta. A bar gindi ɗaya kowane taku takwas ko goma, a datse rassan ƙasa a bar mata jiki ɗaya ta miƙe. Haske zai sauka, ciyawa za ta dawo, itacen da aka cire a yi girki ko gawayi da shi. 'Ya'yan kuma a tattara su a shanya, a kai inji a niƙa har ƙwayar ta farfashe, a haɗa da dusa ko harawa. Ni nakan ba da shawarar kada su wuce kashi ɗaya cikin biyar na abincin dabba. Da haka an ci amfaninsu, an kuma kashe irin. Garken da ya yi kiwo a cikin kurmi lokacin da 'ya'ya ke zuba, a tsare shi wuri guda kamar mako ɗaya kafin a kai shi makiyaya mai tsabta ko a kwantar da shi a gona don taki.

Maganin feshi ba na ba da shawararsa a wurinku. Yana da tsada, kuma gonakinku na haɗe da ruwan da kuke sha kuke kamun kifi.

Shawarata na da iyaka. Ban taka gonarka ba, kuma aikin da ya dace da ƙasar rairayi ba lallai ya dace da laka mai tsagewa ba. In filin na cikin inda ambaliya ke kwanciya wata biyu ko uku a shekarun ruwa mai yawa kamar 2022 da 2024, ruwan zai kashe maka da yawa daga cikinsu, aikinka ya koma cire matattu da tuge sababbin da za su fito bayan ya janye. Dabbar da ka ga muƙamuƙinta ya saki, ka nemi ma'aikacin lafiyar dabbobi, wannan ba fannina ba ne. Wasu wuraren bakin tafki kuma rashin tsaro ya hana shiga, kada kowa ya sai da ransa don share fili. Kafin ku fara sara mai yawa ko gasa gawayi, ku je ofishin gandun daji na yankinku tare da bulama a rubuta muku izini, a bayyana cewa furosofis kaɗai za a taɓa. Sannan ku zagaya makiyayarku tun kafin ruwa ya sauka, ku sa alama a kan kowace bishiyar da ta fita daga kurmi ta tsaya ita kaɗai, ku fara da waɗanda suka soma fure.